Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Batun Man Da Ya Maƙale A Cikin Dutse

Cikin ƙasa da shekara guda, wato tsakanin watan Agusta na 2024 da watan Maris na 2025, manyan kamfanonin mai guda uku na ƙasashen waje suka sauke nauyin tsofaffin rijiyoyinsu da ke yankin Neja-Delta. Kamfanin Eni na Italiya ya sayar da reshensa ga Oando, ExxonMobil na Amurka ya sayar wa Seplat, shi kuwa Shell ya miƙa reshensa na kan tudu, magajin kamfanin da ya gano man farko a Oloibiri a 1956, ga gamayyar kamfanonin da ake kira Renaissance. Wasu sun yi ta murna cewa arziki ya dawo hannun 'yan gida, wasu kuma, musamman mazauna yankin, suka shiga tambayar wa zai kwashe ƙazantar da aka bar musu. A nan Arewa labarin bai daɗe a bakunanmu ba, domin hankalinmu yana kan Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙo mai a watan Nuwamba na 2022, aka kuma shaida mana cewa akwai fiye da ganga biliyan 1 a wurin.

A ganina labaran nan biyu tambaya ɗaya suke ɗauke da ita, kuma ita ce ba a cika yi ba: daga cikin man da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, nawa ne zai yarda ya fito? Amsar ba ta ga girman injin haƙa, ba ta ga yawan kuɗin da aka ware. Tana can a wani ma'auni ƙanƙane wanda ido ba ya gani, kuma ƙasashen da suka duƙufa a kan wannan ma'auni su ne suke cin moriyar rijiyoyinsu fiye da kowa.

Mu masu nazarin harshe mun san cewa kalma ba ta zuwa ita kaɗai, takan zo ne da hoton da take goye da shi. Da Bahaushe ya ji an ce "rijiyar mai", abin da zai zo masa a zuciya shi ne rami mai zurfi, da wani baƙin tafki kwance a ƙasansa, ana zura guga ana ɗebowa har ya ƙafe. Wannan hoto shi ya sa muhawararmu kan mai ta tsaya a kan abu biyu kawai: a ina aka samu, kuma yaya za a raba. Alhali kuwa babu wani tafki a can ƙasa. Ɗanyen mai yana zaune ne a cikin 'yan mitsi-mitsin kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutse, kamar yadda mai yake zaune a cikin markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Duk wanda ya taɓa kallon mai sana'ar ƙuli-ƙuli ya san cewa man ba ya kwaranyowa haka kawai. Sai ta yi ta tuƙi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, kafin ya tsatso, kuma duk iyawarta sai an bar wani a cikin tunkuza.

Haka abin yake ga masu haƙar mai. A matakin farko man yakan taso da kansa saboda matsin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ake samu ta wannan hanya sau da yawa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. A mataki na biyu akan tura ruwa ko iskar gas ta wata rijiya domin su koro man zuwa wata, a nan akan kai kashi 20 zuwa 40. Idan aka haɗa filayen man duniya gaba ɗaya, abin da ake iya fitarwa kimanin kashi ɗaya ne bisa uku. Wato a duk ganga uku da Allah Ya ajiye, biyu sukan rage a cikin dutse ranar da kamfani ya rufe rijiya ya ce ta ƙafe. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan.

To me ke riƙe da ragowar? A nan ne kalmar "nano" take shigowa. Asalinta daga Girkanci ne, ma'anarta wada. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya idan aka raba mita gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 80,000, farcenka kuma yakan ƙaru da kimanin nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa. A irin wannan ƙanƙanta nauyin abu ba shi da wani tasiri, abin da ke mulki shi ne yadda fuskar wani abu take kama fuskar wani. Ƙarfin da ke sa kananzir ya hau lagwanin fitila ba tare da an tura shi ba, shi ne dai ƙarfin da ke danne ɗigon mai a cikin kafar dutse, ruwa ya zo ya kewaye shi ya wuce.

Akwai kuma batun abin da dutsen kansa ya fi so. Dutsen yashi a asalinsa mai son ruwa ne, domin akwai wani siririn mayafin ruwa da ke lulluɓe kowace ƙwayar yashi, wanda kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba. Muddin mayafin nan yana nan, mai ba ya manne wa dutse. Idan ya yage, sai sinadarai masu nauyi da ke cikin man su lafe a jikin dutsen, su mayar da shi mai son mai. Jagoran waɗannan sinadarai shi ne asfaltin, wanda yake ba kwalta baƙinta da taurinta. A 2010 wani masani na kamfanin Schlumberger, Oliver Mullins, ya ɗora a kan aikin da Teh Fu Yen ya fara tun shekarun 1960, ya fayyace yadda wannan sinadari yake zama a cikin mai: ƙwayarsa guda ba ta wuce nanomita ɗaya da rabi ba, kimanin shida sukan haɗu su yi curi mai nanomita 2, curin kuma su sake haɗuwa su yi dunƙule mai nanomita 5. Idan matsi ya sauka a lokacin haƙa, dunƙulen nan sai su yi ta haɗuwa har su toshe kafofin dutse da bututun rijiya. Abin da bai kai a gan shi da madubin asibiti ba yana iya dakatar da rijiyar da aka kashe wa miliyoyin daloli. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Domin mai karatu ya ga abin da wannan ilimi yake haifarwa a aikace, bari mu leƙa Norwe. Filin Ekofisk da ke cikin teku, wanda aka gano a 1969, dutsensa na alli ne, kuma da farko an ƙiyasta cewa kashi 17 kacal na man da ke cikinsa za a iya fitarwa. A 1987 aka fara tura masa ruwan teku. Sakamakon ya zarce abin da aka zata, kuma daga baya masu bincike a Jami'ar Stavanger suka nuna ɗaya daga cikin dalilan: wasu gishirai da ke narke a cikin ruwan teku suna sauya halin fuskar allin, su sa ta saki man da ta riƙe. Ƙiyasin ya tashi zuwa fiye da kashi 50. Ba a gano sabon fili ba, ba a ƙara ko taku ɗaya a iyakar ƙasa ba, amma abin da filin zai bayar ya ninka sau uku. Mu yi ɗan lissafi da filin da ke ɗauke da ganga biliyan 1. Kowane kashi ɗaya da aka ƙara ganga miliyan 10 ne, wanda a farashin dala 70 ya kama dala miliyan 700.

Fasahar nano mataki ne na gaba a kan wannan hanya. Maimakon a dogara ga gishirin da ke cikin ruwa, sai a ƙera ƙwayoyi na musamman, galibi na silika ko alumina, masu girman nanomita 10 zuwa 50, a zuba su cikin ruwan da za a tura. Saboda ƙanƙantarsu suna ratsa kafofin dutse ba tare da sun maƙale ba. A 2003 wasu masana biyu a Shikago, Darsh Wasan da Alex Nikolov, suka bayyana a mujallar Nature yadda irin waɗannan ƙwayoyi suke jera kansu sahu-sahu a cikin 'yar tsagar da ke tsakanin ɗigon mai da fuskar da ya manne wa, suna kutsawa har su ɓamɓare shi, kamar yadda mai faskare yake cusa ƙarfe a tsagar itace. A 2010 kamfanin Aramco na Saudiyya ya tura wasu ƙwayoyin kabon cikin wata rijiya a filin Ghawar, ya sake zuƙo su, domin ya tabbatar cewa za su jure zafi da gishirin da ke can ƙasa, da nufin su zama 'yan aiken da za su riƙa kawo labarin inda ruwa ya bi da inda mai ya saura. A Kolombiya kuma, malaman jami'ar ƙasar da ke Medellin sun haɗa gwiwa da kamfanonin mai, ciki har da Ecopetrol, suka gwada ƙwayoyin alumina a filin Cupiagua domin su kame asfaltin kafin ya toshe rijiya. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen tunani, domin a 2012 masu bincike daga Jami'ar Fatakwal suka gabatar da wata takarda a Saudiyya kan gwajin ƙwayoyin nano iri-iri a cikin yashi, inda suka nuna fifikon alumina da silika, takardar da masana a faɗin duniya suka yi ta ambata.

Wanda yake ganin duk wannan zancen ɗakin gwaje-gwaje ne da bai shafi tukunyarsa ba, ya tuna abin da ya same mu a 2014. Akwai wani dutsen laka da ake kira shel, wanda kafofinsa suka yi ƙanƙantar da sai da nanomita ake auna su, kuma shekaru da dama an ɗauka ba za a taɓa samun mai daga gare shi ba. Amurkawa suka koyi haƙa rijiya a kwance da tsaga dutsen da matsin ruwa, masanansu a Jami'ar Tekzas da ke Austin kuma suka fito da hotunan kafofin a 2009, aka ga inda man da gas suke ɓuya. Man da Amurka ke haƙowa ya tashi daga kimanin ganga miliyan 5 a rana a 2008 zuwa fiye da miliyan 13 a 2024. A 2007 Amurka tana sayen fiye da ganga miliyan 1 a kowace rana daga Nijeriya, amma a watan Yuli na 2014 ko ganga ɗaya ba ta saya ba. Farashi ya faɗi, kuma a 2016 tattalin arzikinmu ya shiga karayar da ta sa jihohi da dama suka kasa biyan albashi. Malamin firamaren da ya yi watanni bai ga albashinsa ba a lokacin, da wuya ya san cewa wani ɓangare na wahalarsa ya faro ne daga kafofin da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashinsa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, bai kamata a sayar mana da fasahar nano a matsayin maganin kowace cuta ba. Mafi yawan nasarorin da ake ambata an same su ne a kan guntun dutsen da bai wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba, alhali filin mai yana shimfiɗe ne tsawon kilomitoci. A can ƙasa akwai zafi da gishiri, waɗanda sukan sa ƙwayoyin su cure su toshe kafofin da aka aike su su buɗe. Akwai tsada, domin abin da ake aunawa da cokali a ɗakin gwaji da tan-tan ake buƙatarsa a fili. Akwai kuma batun muhalli, musamman a yankin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce tsabtace shi zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Bugu da ƙari, babu ƙwayar da za ta hana fasa bututu da satar mai, waɗanda suka taimaka wajen jefa abin da muke haƙowa ƙasa da ganga miliyan 1 a rana a wasu watanni na 2022, bayan mun taɓa kai kusan miliyan biyu da rabi a 2005.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne cewa wannan ilimi ba a sayo shi a kwalba. Kowane fili da halinsa. Man Neja-Delta, irin su Bonny Light, mara nauyi ne kuma asfaltin ɗinsa kaɗan ne, saboda haka maganin da ya yi wa Kolombiya aiki ba lallai ne ya zama namu ba. Matsalolin da aka fi kuka da su a rijiyoyinmu sun haɗa da kakin da ke daskarewa a bututu, da yashi da garin laka da ke tasowa su toshe hanya, da ruwan da ke rigan mai isowa bakin rijiya. Kwaltar da ke jibge a Jihar Ondo kuwa wani labari ne daban. Sai wanda ya ɗauki dutsen wurin da man wurin da ruwan wurin ya gwada su tare, shi zai san abin da ya dace.

A nan ne tafiyar manyan kamfanoni ta zama abin dubawa. Sun bar rijiyoyi da bututu da ma'aikata ƙwararru, amma manyan ɗakunan bincikensu ba a Fatakwal ko Warri suke ba tun asali, suna can ƙasashensu. Abin da kamfanoninmu na gida suka gada filaye ne da aka sha romonsu shekara 40 zuwa 60, kuma ribar da ta rage tana cikin man da ya maƙale. Idan ba mu da masu fito da shi, abu biyu ne zai faru: ko dai a rufe rijiyoyin da arziki a cikinsu, ko kuma mu koma haya wurin waɗanda suka tafi, su sayar mana da sani a farashin da suka ga dama. Kuma kada mu manta cewa kuɗin man nan ne ake rabawa a Abuja duk wata, su ne kuma kashin bayan kasafin yawancin jihohinmu na Arewa. Duk gangar da aka bari a cikin dutsen Bayelsa, da rabon Yobe da Zamfara a cikinta.

Mun biya farashi mai tsada wajen neman sabon mai a Arewa. An haƙa rijiyoyi 23 a yankin Tafkin Chadi kafin shekarar 2000 ba a dace ba. A watan Yuli na 2017 aka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka yi asarar rayuka da dama, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Lokacin muhawarar dokar man fetur ta 2021, wakilanmu sun yi tsayin daka har aka ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar NNPC domin neman mai a sababbin yankuna. Ban ga laifin wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, irin wannan tsayin daka ya kamata a yi kan ilimin fitar da man, domin nema rabin aiki ne.

Abin mamaki kuwa, kayan aikin suna ƙofar gidanmu. Farar ƙasa, wadda alumina da silika ne ginshiƙinta, tana nan jibge a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, tana kuma nan a Alkaleri, ƙaramar hukumar da Kolmani take ciki. Ɓuntun shinkafar da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injina a Kano da Kebbi da Jigawa, idan aka ƙone shi yadda ya kamata, fiye da kashi 80 cikin 100 na tokarsa silika ce. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ya shafe shekaru yana binciken sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta zama zeyolait, sinadarin da kafofinsa ba su kai nanomita ɗaya ba, wanda matatun mai suke amfani da shi wajen farfasa mai mai nauyi ya zama fetur. A Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi akwai cibiyar ƙasa ta binciken man fetur. Darajar ba ta ga ƙasar ko ɓuntun, tana ga hannun da zai mayar da su ƙwayoyi masu girma ɗaya, masu jure zafi da gishiri. Wannan hannu kuwa yana buƙatar na'urori, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin da ba ya yankewa da sauyin gwamnati.

Saboda haka ina ba da shawarwari guda huɗu. Na farko, hukumar NUPRC ta riƙa bayyana wa jama'a duk shekara kason da ake sa ran fitarwa daga kowane fili, kamar yadda takwararta ta Norwe take wallafa bayanan filayenta, domin abin da ba a aunawa a fili ba a neman gyaransa. Na biyu, asusun PTDF, wanda tun 1973 yake ɗawainiyar horar da 'yan ƙasa, tare da hukumar bunƙasa shigar 'yan gida cikin harkar mai, su gina cikakken ɗakin bincike ɗaya ko biyu maimakon yayyafa kuɗi ko'ina, domin ɗalibin da aka kashe wa miliyoyi a Ingila ya dawo ya tarar da abin aiki. Na uku, samfurin dutse da na mai da aka ciro daga Kolmani su isa hannun jami'o'inmu tun yanzu, domin tsarin da aka fara haƙa da shi yakan yanke hukunci kan abin da fili zai bayar har ƙarshen rayuwarsa. Na huɗu, a keɓe tsohuwar rijiya guda a yi gwaji na gaskiya a cikinta, a gaban masu kula da muhalli da wakilan al'ummar wurin, a kuma bayyana sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

Mu kuma masu rubutu da masu watsa labarai da Hausa akwai namu aikin. Ya kamata mu saba wa jama'a da bambanci tsakanin man da ke kwance da man da za a iya ɗebowa, ta yadda duk ranar da wani jami'i ya ambaci ganga biliyan kaza, za a sami wanda zai miƙe ya tambaye shi wanne daga ciki yake nufi. Duniya tana ƙoƙarin rage dogaro da mai, saboda haka lokacin da ya rage mana ba mai yawa ba ne. Amma ilimin sarrafa ƙananan ƙwayoyi ba zai ƙafe tare da rijiya ba, domin shi ne dai ake amfani da shi wajen tace ruwan sha, da ƙera batura, da haɗa magunguna. Al'ummar da ta koye shi saboda mai za ta ci gaba da cin amfaninsa bayan mai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya ba shugabanninmu ikon hangen abin da ido ba ya gani, mu kuma Ya sa mu dace.